Ba mu gama biyan bashin Sallar bara ba, ga wani azumin ya ƙarato

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yanmu huɗu, babban yana da shekara 12, ƙaramar kuma tana goye. Maigidana malamin firamare ne, ni ina 'yar sana'ar awara da ƙullin kayan miya a cikin gida. Duk shekara daga an ga watan azumi har a cinye naman layya ba ma fita daga bashi. Bara rago ya karɓo bashi, har yau da sauran kuɗin mai shi. Ni ma dillaliya tana bi na cikon kuɗin atamfata da kayan yara. Ga shi yau muna cikin Rajab. In na ce a rage sai ya ce so nake a yi masa dariya a unguwa, shi ba zai bar 'ya'yansa suna leƙen gidan wasu ba. Wata ƙawata ta ce in riƙa tsakurar kuɗin cefane ina ɓoyewa kada ya sani. Anti, yaya zan yi?

Maman yara huɗu

Amin wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara da shawarar ƙawarki, don ita ce za ta fi saurin jefa ki cikin matsala. Kada ki yi. Kuɗin cefane amana ce aka ba ki don tukunyar wannan ranar, kuma mutumin da yake lissafa albashinsa tun kafin ya shigo hannu ya san abin da kowace naira take sayowa. Ba za a rufa wata guda ba zai ga miya ta tsinke, ko ya ci karo da ƙullin kuɗi a ƙasan akwati, daga nan zance ya tashi daga tattali ya koma "ashe kina da kuɗi kike kallona ina cin bashi." Abin da za ki yi shi ne ki nemi izini a fili. Ki ce masa, duk abin da na iya ragewa da dabarata ba tare da abinci ya canja ba, ka yarje mini in zuba a asusun Sallah. Yawancin maza sukan amince nan take, don a zatonsu abin ba zai taka kara ya karya ba. Bar shi da zatonsa.

Kafin in shiga lissafi, ina so ki yi wa mijinki adalci a zuciyarki. Mutumin nan ba almubazzaranci yake yi don jin daɗin kansa ba, kunya yake gudu, kuma ma'aunin da yake auna kansa da shi na wani zamani ne da ya wuce. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin 100. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, amma duk matar da ke zuwa awo ta san ƙarin bai kamo kasuwa ba. Albashin da a da yake ɗaukar rago da ɗinki da kayan shan ruwa ya bar canji, yau ba ya ɗauka. Gidaje da dama sun gane haka sun sassauta. Naku bai sassauta ba, shi ya sa giɓin yake komawa bashi.

Ki samu takarda da biro. Abin da nake so ki fara rubutawa ba jerin kayan saye ba ne, kwanaki ne. Daga ɗaya ga Ramadan zuwa ranar Babbar Sallah kusan kwana 100 ne: 30 na azumi, sai kimanin 70 tsakanin Sallolin biyu. A cikin kwanakin nan albashi uku ne zai shigo. Hidimomin kuwa huɗu ne, don a 'yan shekarun nan komawa makaranta zango na uku tana faɗowa ne a tsakanin Sallolin, kuma ita ce ake mantawa da ita har sai an koro yaro ko an ce ya zo da littafi. Kuskuren da ake yi shi ne a kalli kowace hidima ita kaɗai. Azumi ya cinye albashin farko da ɗan abin da aka ajiye, Ƙaramar Sallah ta cinye na biyu tun bai zo ba, makaranta ta ɗauke na uku, rago ya tarar da aljihu wayam. Sallah ba haihuwar bakwaini ba ce balle a ce ta zo ba shiri. Tun bara kun san watan da za ta zo.

A ƙarƙashin kwanakin sai ki rubuta abin da ba makawa sai an yi shi: abincin gida, kuɗin makaranta, abin da ake yi wa iyaye in suna da buƙata, zakkar fidda kai, da bashin mutane. Zakkar fidda kai sa'i ɗaya ne a kan kowane rai, wato mudun Annabi huɗu, har da ta goye. Ku shida ne, sa'i shida ke nan, mudun Annabi 24. Ki sayi geron ko masarar tun yanzu ki ɗaure bakin buhun ki rubuta a jiki, kada ki bari sai daren Sallah lokacin da kowa ke neman abu ɗaya. Shi kuwa bashin bara, ki sa shi a saman duk wani sabon abu. Hadisi ne ingantacce cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Ki duba yadda abin yake a idon mai ragon nan: yana bin ku ciko, ranar idi ya hango maigidanki cikin sabuwar shadda. Wannan ita ce dariyar da ya kamata a ji tsoro, don ita ce ake yi a bayan ido, ake kuma kai ta majalisa. Ku je ku same shi, ke ma ki sami dillaliyar, a tsayar da abin da za a riƙa bayarwa duk wata ko da kaɗan ne, a kuma cika.

Yanzu mu zo kan azumi, don a ganina a nan kuɗinku ya fi zurarewa ba ku sani ba, ba a ragon da kike ta kallo ba. Rago sau ɗaya ake sayensa, kowa ya ga fitar kuɗin. Shan ruwa kuwa kullum ne har sau 30, kuma mai azumi ne yake yin cefanen. Duk wanda ya shiga kasuwa bayan la'asar da ƙishirwa a maƙogwaro, idonsa ne ke saye. Ga kankana, ga abarba, ga lemon kwalba, ga ƙwai, ga dankalin turawa, ga ƙanƙara. A zo gida a jera, a sha kunu kofi biyu da ƙosai biyar, ciki ya cika, a tafi asham, sauran ya kwana. Da zafin nan da rashin wuta, kafin sahur rabi ya yi tsami. Ki gwada wani abu a makon farko: duk abin da aka zubar ko aka ba almajiri don ya kusa lalacewa, ba don an yi niyyar sadaka ba, ki riƙa lura da shi. Za ki ga inda kuɗin atamfarki yake tafiya.

Gyaran ba wuya. Abin sha ɗaya, abin taɓawa ɗaya, abinci mai nauyi ɗaya, kuma mai nauyin a dafa shi yadda zai kai sahur. In an yi kunun tsamiya yau ba a yin kunun gyaɗa. Zoɓo da citta da kanumfari, ko jiƙon tsamiya, sun fi lemon kwalba arha nesa ba kusa ba, kuma yara ba sa raina su in sun yi sanyi. Suya kullum ita ke shanye man gyaɗa, don haka ki riƙa sauya ƙosai da alale ko ɗanwake ko dafaffen dankalin Hausa. Ke mai awara ce, ba sai na gaya miki abin da mai yake ci ba, kuma awarar taki ma abin buɗa baki ce mai kyau, a cikin azumi kasuwarta ta fi tafiya. Ki surfe geronki da wakenki tun cikin Sha'aban, ki kai niƙa sau ɗaya, ki shanya gasara da garin ƙosai. Kuɗin niƙa na kullum da kuɗin aiken yaro da gawayin da ake hurawa sau uku a yini, in aka tara su a wata ba ƙaramin abu ba ne. Suga da man gyaɗa da gero, in da hali a saye su kafin a ga wata, don sau da yawa makon farko na azumi suke tashi. In kuɗinku bai kai na buhu ko jarka ba, ki haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku, mutum ɗaya ya je kasuwar Singa ko ta Dawanau ya sayo a raba, kuɗin mota ɗaya.

Ban ce a daina miƙa wa maƙwabta ba. Kwanon kunun da ke tsallaka katanga a watan azumi yana cikin abin da ya riƙe unguwanninmu, kuma ranar da ba ki da shi, shi ne zai tsallako miki. A dai ƙayyade: gida kaza, kwano kaza, daga abin da aka dafa wa gida, ba a ɗora wata tukunya ta musamman don a ce gidan malam sun iya girki ba.

Ga wata dabara da ta dace da shekarun nan. Azumi yanzu yana kamawa ne a rani, lokacin da tumatir da tattasai da attaruhun noman rani na su Kadawa da Kura suka cika kasuwar 'Yankaba. Babbar Sallah kuwa tana faɗowa ne a bakin damina, daidai lokacin da kayan miya suke tsada har a riƙa ƙirga tumatir ɗai-ɗai. To ki sayi na miyar Babbar Sallah tun a cikin azumi. Ki yanka ki shanya kauɗa a kan tabarma mai tsabta inda ƙura ba ta kai, ko ki markaɗa ki tafasa har ruwan ya ƙone ki soya da mai. Kauɗar ta fi aminci tunda ba ta neman firji. Ke da kike ƙullin kayan miya, wannan har riba ce a gare ki.

Sai tufafi, kuma a nan zan ɗan taɓa ki. A wasiƙarki kin ambaci ragonsa da ƙarfi, kin ambaci atamfarki a gurguje. Bashin biyu ne, ƙanwata, kuma kayan dillaliya na biya kaɗan-kaɗan kullum da ƙari a kan farashin Kantin Kwari, don ita ma jiran da za ta yi take sayar miki. Ba za ki iya cewa namiji ya haƙura da ragonsa ba alhali kina riƙe da jerin atamfa da leshi da mayafi da takalmi da jaka mahaɗi. Ki buɗe akwatinki. Na tabbata akwai ankon bikin da aka sa sau ɗaya aka ninke. A wanke, a kai guga, in ya kama a sauya masa hannu ko wuya. Abin da aka so ranar idi shi ne mutum ya sa mafi kyawun abin da yake da shi, ba a ce sai sabo ba. Bana ki yafe, ki kuma fara faɗa masa da bakinki cewa kin yafe. Wannan ne zai buɗe miki ƙofar sauran maganar.

Yara kuwa a yi musu, don su Sallah tasu ce. Amma kala ɗaya kowa, mai kyau, ba kala uku marasa ƙwari da za su koɗe a wanki biyu ba. A sayi yadin cikin Sha'aban a Kantin Kwari kafin cunkoso, a kai wa tela kafin azumi ya shiga. Duk wanda ya kai ɗinki a goman ƙarshe ya san abin da zai tarar: kuɗi ya ninka, tela ya daina ɗaga waya, daren Sallah a kwana a shagonsa, a ƙarshe a karɓo riga ba maɓalli. A ce wa telan ya bar sarari a jiki da tsawo, yara girma suke yi. Kayan Ƙaramar Sallah kuma su ne na Babba. Kwana 70 ne tsakani, in aka cire musu bayan yawon Sallah aka wanke aka adana, babu wanda zai ce ba sababbi ba ne. Takalmi a duba Ƙofar Wambai, kuma a zaɓi wanda za a iya zuwa makaranta ko islamiyya da shi bayan Sallah. Ta goye ba ta san ana yi ba, kayan yayarta sun ishe ta. Kitso da lalle ku yi wa juna ke da maƙwabciyarki, kamar yadda iyayenmu suka yi.

Kayan azumin surukai ba a fasa su, amma ba gasa ba ce. Gero da suga gwargwadon hali, ku kai da ƙafarku ku zauna a gaisa. Iyayen kirki sun fi son su ji 'ya'yansu ba sa cikin bashi a kan su ga katan ɗin madara. Abu ɗaya kawai zan ja kunnenki a kai: kada ki ce a rage na gidansu a bar na gidanku. In za a rage, a rage duka, ki kuma fara ambatar na gidanku.

Ƙananan abubuwa na ranakun Sallah zan bi ta kansu da sauri. Tuwon Sallah ko shinkafa da miya a yi daidai gidajen da aka saba kai wa. Cincin a gida, mudun fulawa ɗaya ya wadatar. Ziyara a haɗa ta shiyya-shiyya, dangin da ke unguwa ɗaya a gama da su rana ɗaya, don kuɗin adaidaita sahu na mutum shida in aka yi ta zirga-zirga kwana uku ya kai kuɗin ɗinkin yaro. Kada a sayi sababbin kuɗi a hannun 'yan canji don rabon barka da Sallah. Mutum ya ba da dubu ya karɓi abin da bai kai dubu ba, ga shi kuma dokar Babban Banki ta 2007 ta hana wannan cinikin. Yaro ba ruwansa da sabunta, alawa zai saya. Barka da Sallar da yaranki suka samo kuma, na san halinmu iyaye mata, "kawo in ajiye maka," shi ke nan an yi sallama da ita. Ki ajiye ɗin da gaske, a gabansu a ƙirga, a saya musu jakar makaranta ko littafi da ita, su san kuɗinsu ne.

To mu zo ga rago, wanda shi ne zuciyar rigimar. Layya a mazhabar Malikiyya da muke bi sunna ce mai ƙarfi, ba farilla ba, kuma malamai sun ce tana hawa ne kan wanda ba zai buƙaci kuɗinta ba wajen larurorinsa na shekarar. Mutumin da har yanzu ake bin sa kuɗin ragon bara, ki auna da kanki ko yana cikin wannan sahun. An ruwaito cewa Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar sukan bar yin layya don kada mutane su ɗauka dole ce. A Muwaɗɗa kuma akwai maganar Abu Ayyub al-Ansari cewa a zamaninsu mutum yakan yanka dabba ɗaya don kansa da iyalan gidansa, daga baya mutane suka mai da abin alfahari. Sahabi ne yake wannan ƙorafin, tun wancan lokacin. Ina ma a ce yana iya leƙo layinmu ana saura kwana uku Sallah, ya ga yadda ake ɗaure raguna a ƙofar gida maimakon cikin gida.

Sannan ba a ce sai rago mai ƙaho ba. Rago ne ya fi falala, amma tunkiya tana yi, bunsuru da akuya suna yi, matuƙar sun kai shekarun da aka gindaya kuma ba su da aibi. Ladan layya ba a awon kilo yake ba. Akwai kuma masu haɗa kuɗi su bakwai su sayi sa bisa hadisin Jabir, kodayake Malikiyya ba su yarda da tarayya a kuɗin dabbar layya ba. Wannan maigidanki ya tambayi malamin da yake karatu a wurinsa, kada ya ji daga bakinki ko nawa. In kuwa duk ba hali, akwai watanda. Ita ba layya ba ce, nama ne kawai, amma tana kai yara ga abin da suke so, wato su ji ƙamshin suya a gidansu. Magidanta su haɗa kuɗi a sayi sa a yanka a kasa, kowa ya ɗauki kashinsa gwargwadon abin da ya zuba. Malaman makaranta ma sukan yi a tsakaninsu. Kashi ɗaya na watanda, in aka haɗa da abin da 'yan uwa da maƙwabta za su aiko, ya isa a yi soye da dambun nama har a ajiye.

Za a ce miki ku sayi ɗan ƙaramin rago tun da wuri ku kiwata. Shawara ce mai kyau ga mai fili da mai dusa, amma a yi lissafi tukuna. Watannin da ke gaban Babbar Sallah a yanzu bazara ce, lokacin da harawa da ƙowa suke tsada, ga magani, ga ɓarayi, ga kuma tsautsayi, dabba tana iya kwantawa dare ɗaya. Abin da ya sa ke nake ganin za ki iya shi ne dusar awararki, wadda abinci ce mai kyau ga dabba kuma kina da ita a gida. In an gama da bashin bara kuma an sami abin saye a hannu, to maigidanki ya bi wani wanda ya san dabba zuwa Wudil ranar Juma'a ko Ɗambatta ranar Lahadi bayan Ƙaramar Sallah, kada ya jira 'yan bakin titi na makon ƙarshe. Farashin makon ƙarshe ba shi da tabbas ko kaɗan. A 2025 Nijar ta hana fitar da dabbobi ana dab da Sallah, kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari suka ji a jikinsu, wanda ya jira ya sha mamaki. Wata shekarar kuma raguna su yi kwantai, dillalai su karyar da su rana ta biyu. Tunda kwanakin yanka uku ne, wanda bai samu ranar farko ba yana iya leƙa kasuwa washegari da abin da ke aljihunsa. In ya samu ya yanka, in bai samu ba ya dawo gida ba wanda yake bin sa.

Game da inda za a tara kuɗin: asusun gwangwani ko na katako ya fi asusun waya ga mai saurin taɓawa. Naira 500 a kullum daga ribar awara, cikin kwana 100 ta zama 50,000. In aka fara tun bayan Babbar Sallah aka yi kwana 300, ta zama 150,000. Bana kin makara ga na biyun, ba ki makara ga na farkon ba. Adashe yana da kyau in uwar adashen mai amana ce, amma ki lura, kwasar farko bashi ce da wani suna, don za ki ci kuɗin ki yi ta zubi bayan Sallah ta wuce. Ki nemi kwasar da za ta faɗo bayan kin riga kin zuba mafi yawa. Tunda kuɗi a ajiye daraja yake rasawa, duk abin da ya taru a mai da shi abin da za a buƙata wanda ba ya lalacewa, yadi ko suga ko mai. Hatsi kuwa a saya don ci kawai, don waɗanda suka ɓoye shi don riba sun ga yadda farashi ya faɗo a 2025. Bashin manhajar waya kuma kada ku kusance shi ko da wasa. Ruwa ne a kai, wa'adin gajere ne, kuma wasunsu in an yi jinkiri saƙo suke tura wa duk lambar da ke wayar mutum, har surukai da shugaban makaranta, suna kiransa macuci. Mai gudun dariyar unguwa ba nan zai kai kansa ba. Jarin awararki ma kada ki taɓa. Dukiyarki ce, shari'a ta bar miki. In kin ga dama ki taimaka daga riba, amma ki faɗa a fili ko kyauta ce ko rance, don rashin faɗar ne ke haifar da gori daga baya.

Yadda za ki kai masa maganar ya kusa fin maganar muhimmanci. Ba a gaban yara ba, ba lokacin da ya shigo da gajiya ba, ba kuma ranar da kike karɓar kuɗin cefane ba. Ki bari ya ci ya huta. Kada ki fara da rago, kada ki ce "bara ma ka yi." Ki ajiye takardar a gabansa ki ce, Malam, ga kwanakin da ke gabanmu, ga abin da zai shigo, ga abin da ake bin mu, ni na yafe kayan Sallata bana, ka duba mana sauran. Malamin makaranta ne, lissafi ba baƙonsa ba ne. Ki bar shi ya haɗa ya ga jimillar da idonsa, ki kuma yi shiru, kada ki riga shi faɗar abin da za a cire. In ya kawo ayar da ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, ki tuna masa da ladabi cewa ayar Suratuɗ Ɗalaƙ ba ta tsaya nan ba, ta ce wanda aka ƙuntata wa arzikinsa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Ba lallai ya amsa a zaman farko ba. In ya yi fushi ki naɗe takardar, ki ci gaba da naki ɓangaren, girki da ɗinki da asusu, waɗanda ba sa jiran izinin kowa bayan na asusun da kika nema tun farko. In Shawwal ya shiga ya ga Ƙaramar Sallah ta wuce ba a ci sabon bashi ba, zancen rago zai fi sauƙin yi. In har ya dage sai ya karɓo bashi, ki roƙe shi abu ɗaya, ya biya tsohon kafin ya ɗauki sabo, ki kuma nemi yayansa ko wani amininsa da yake jin nauyi ya yi masa maganar ta bakin maza.

Maganarsa ta yara kuwa kada ki yi wasa da ita, don da gaskiyarsa. Ɗan shekara 12 ya san gidan da aka ɗaure rago da gidan da ba a ɗaure ba, kuma abokansa za su tambaye shi. Kada a yi masa ƙaryar "namu yana hanya," don ranar Sallah ƙaryar za ta fashe a gaban abokan. Babansa ya kira shi gefe tun da sauran kwanaki, ya gaya masa kamar babba cewa bana kuɗin sa za mu haɗa da su wane, saboda muna biyan bashi. Ranar yanka ya tafi da shi wurin, ya riƙe ƙafa, ya ga fiɗa, shi zai ɗauko kashin gidanku a bokiti, shi kuma za a aika ya kai wa kakanninsa nasu. Ƙannensa ki zaunar da su kusa da kasko ki ba su aikin tsame soye.

Allah ya kai mu watan lafiya, ya hore muku abin biya.